Tsohuwar tarakta mai bokiti: wadda manomin Lambara zai saya da wadda zai bar wa dillali

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa a yankin Lambara da niyyar mallakar tarakta, tun kafin ya bar gida ya san sabuwa ta fi ƙarfinsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta sun hau tare. Taraktoci 2,000 ƙirar Belarus da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Abuja a watan Yunin 2025, ko da an raba su daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 774, babu wadda za ta samu uku. Shagari da Boɗinga ba za su yi noma da wannan lissafi ba. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne kasuwar ta hannu, kuma a wannan kasuwa idon mutane ya fara komawa kan tsohuwar tarakta mai bokiti a gaba.

Dalilin a fili yake. Damina a ƙasar Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, aikin haro da huɗa kuwa bai wuce 'yan makonni ba a farkonta, sai ɗan abin da ake samu a fadama lokacin noman rani. Sauran watanni tarakta tana jan tirela idan an samu kaya, idan ba a samu ba tana ƙarƙashin dogon yaro awaki suna shan inuwa a gindinta. Bokiti shi ke ba ta aikin rani: loda takin gargajiya daga garke da juji zuwa gonakin gero kafin ruwa ya sauka, loda yashi da jar ƙasa ga masu gini da masu buga bulo a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, cike zaizaya, gyaran gaɓar fadama. Ƙarfen da ke aiki wata tara ya fi saurin biyan kansa a kan wanda ke aiki wata biyu. Saboda haka sayen tsohuwar tarakta mai bokiti shawara ce mai kyau, amma ga wanda ya gane cewa bokitin nan yana cin taraktar da ke ɗauke da shi.

Tarakta irin MF 375 an ƙera ta ne don ta ja abu a bayanta. Nauyinta bai wuce tan biyu da rabi zuwa uku ba, kuma mafi yawansa yana kan manyan tayoyin baya, waɗanda su ke tuƙi, su kuma ke da birki. Busasshen yashi mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana kai tan 1.6, wato bokitin da ke cin rabin haka yana ɗauke da kilo 800 a can gaban ƙananan tayoyi. Wannan nauyi yana danne gaba yana ɗaga baya, kamar buhun da aka ɗora a ƙarshen amalanke. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk makaniken tarakta: fil ɗin da gatarin gaba ke lilo a kansa yana cinyewa, boris na tayoyin gaba suna mutuwa, sitiyari yana yin nauyi, kuloci kuma yana ƙonewa saboda aikin loda gaba ne da baya sau ɗaruruwa a wuni. Taraktar da ta yi awa 5,000 tana loda ta fi wadda ta yi awa 8,000 tana haro gajiya. Mai saye da ke kallon agogon awa kawai ya riga ya faɗi, balle ma agogon tsofaffin taraktoci na waya ne, yana tsinkewa ya tsaya shekara da shekaru, ko a canza shi da na wata.

To wace za a saya? Amsar tana wurin makanike da mai sayar da kayan gyara kafin ta zo wurin dillali. Tarakta mafi daraja a Lambara ita ce wadda idan ta tsaya da safe, za a iya samo kayanta a Sakkwato kafin la'asar, idan abin ya yi tsanani a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a saka a mota ya iso washegari. Wannan ma'auni yana kai mutum ga Massey Ferguson masu injin Perkins mai silinda huɗu, irin su 265 da 290 da 375, sai kuma Fiat. Injin Perkins 4.236 ya fito tun 1964, kuma an yi shi da yawa har babu garin makanikai da ba a san cikinsa ba. Masana'antar Massey ta Coventry a Ingila ta daina ƙera tarakta fiye da shekara 20 da suka wuce, amma kamfanin Millat na Fakistan yana ci gaba da yin 375 da 385 bisa lasisi, don haka sababbin fistin da ringi da faifan kuloci ba su yanke ba. Fiat kuwa an taɓa harhaɗa ta a Kano, tsofaffin makanikai sun girma a kanta. Steyr da aka harhaɗa a Bauchi tarakta ce mai ƙarfi, sai dai neman kayanta yau ya fi na waɗancan wahala, kuma mai ƙaramin jari ba shi da kwanakin jira. Ƙaramar MF 135, wadda aka yi daga 1964 zuwa 1975, tana da farin jini kuma ba ta shan mai, amma ga lodin yashi ta yi ƙanƙanta.

Akwai tarkon da ya fi kama matasa masu bincike a waya. A Facebook da Jiji ana ganin taraktocin Turai 'yan shekara goma ko sha biyu, masu ɗakin direba da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, bokitinsu na kamfani, farashinsu kuma bai fi na tsohuwar Massey da nisa ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Injinan da aka yi bayan Turai ta tsaurara dokar hayaƙi suna aiki da kwamfuta, suna fesa mai da matsin da ya haura ba 1,500, alhali nozul ɗin tsohon Perkins yana buɗewa ƙasa da ba 250. Irin wancan inji ba ya yafe ɗigon ruwa ko ƙura a cikin man gas, kuma man da ake saye a jarka a bakin hanya ba ya rasa ɗaya daga cikinsu. Wasu ma sai an zuba musu ruwan AdBlue, idan babu kwamfutar ta rage musu ƙarfi. Ranar da wata 'yar na'ura ta mutu a ciki, sai an nemo mai kwamfutar da ke karanta ta, kuma ba a Kajiji ko Dandin Mahe yake ba. Tsohon famfon CAV kuwa ana kwance shi a kan tebur a wanke a mayar. A wannan fage da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai tsohuwar Massey tana da nata aibin da dillalai ba sa faɗa. Famfon haidirolik ɗinta na asali yana cikin akwatin baya, an yi shi ne don ɗaga garma, man da yake turawa a minti kaɗan ne. Idan daga shi aka ja wa bokiti layi, bokitin zai riƙa tashi kamar mai ciwon baya, kuma a kan masu kuloci hawa biyu, da zarar direba ya take kuloci har ƙasa famfon ya tsaya, bokitin ma ya tsaya. Wadda ta dace da loda ita ce mai famfo na biyu, ko na kamfani ko wanda aka ɗaura a gaban inji. Banbancin yana iya zama tifa biyu a awa maimakon ɗaya, kuma a aikin da ake biya bisa yawan tifa wannan shi ne ribar gaba ɗaya. Haka nan sitiyari: tarakta mai bokiti da ba ta da sitiyarin haidirolik za ta kashe kafaɗun direba kafin azahar.

Dubawa kuwa ba ta buƙatar wata na'ura mai tsada, tana buƙatar sammako. A iso wurin kafin a tada injin, a ɗora hannu a kansa a tabbatar da sanyi yake, domin injin da ya gaji yana ɓoye halinsa idan ya ɗumama. Wanda ya tashi bugu ɗaya da sanyin safiya, hayaƙinsa ya washe cikin ɗan lokaci, yana da sauran rai. Shuɗin hayaƙi da ba ya yankewa na nufin yana shan baƙin mai. A cire murfin zuba mai yana aiki: idan yana huci kamar tukunyar tuwo, ringi sun tafi. A leƙa lagireto ko akwai maiƙo ko kumfa, a zaro sandar awon mai a ga ko ya koma kalar madara, alamar ruwa ya shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, lokacin da aikin taki ya fi yawa. Bayan haka a dafa bokiti a ƙasa a ɗaga tayoyin gaba da shi, a girgiza su da hannu a ji wasan da ke ciki. A cika bokitin da ƙasa a ɗaga shi, a kashe inji, a tsaya minti goma ana kallo. Idan yana sauka da kansa, silinda ko bawul na yoyo. A ƙarshe a sa fitilar waya a bi inda ƙarfen bokitin ya kama jikin tarakta. Tarakta ba ta da shasi irin na mota, inji da akwatin giya su ne ƙashin bayanta, kuma na zubi ne. Waldar da aka yi a kan tsagewa a wannan wuri, aka shafe da sabon fenti, ta isa a juya a tafi ko nawa aka rage.

Bokitin da maƙeran gida suka haɗa ba abin ƙi ba ne, wasu ma sun fi na kamfani kauri. Sharaɗin shi ne ƙarfensa ya miƙe har gatarin baya ya kama, yadda nauyin zai rabu, maimakon a rataye shi duka a wuyan inji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen rabon kuɗi. A ce mutum yana da naira miliyan 15. Zuciya za ta ce ya nemo tarakta ta miliyan 15, hankali kuwa zai ce ya nemo ta miliyan 10 ko 11 ya riƙe saura. Tsohuwar tarakta ba ta zuwa ita kaɗai: akwai kuɗin ɗauko ta, canjin duk mai da matatai, batir, tiyo-tiyon haidirolik da rana ta busar, wataƙila kuloci, kuma tayoyin baya guda biyu kaɗai suna iya cinye kaso mai tsoka na abin da aka ajiye. Wanda ya zuba komai a wurin saye, ranar da ta fara tsayawa zai sayar da shanu ko ya ci bashi a tsakiyar aiki. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma a kasuwar ta hannu sau da yawa kuɗin fenti ne da na bakin dillali.

Za a iya cewa me ya sa ba za a yi haya ba, tunda akwai masu bayar da hayar tarakta, har da kamfani irin Hello Tractor da ke haɗa manomi da mai tarakta ta manhajar waya. Ga mai gona kadada biyu ko uku wannan ita ce magana, kuma sayen tarakta gare shi ɗaukar dala ba gammo ne. Sayen yana da ma'ana ne ga wanda zai mai da ita sana'a, ko 'yan uwa ko ƙungiyar manoma da suka haɗa kuɗi suka kuma rubuta tun farko wanda zai riƙe makulli da wanda zai riƙe littafin shiga da fita. Irin waɗannan su ne ma ya kamata su ari dabarar kamfanonin haya, su ɗaura mata 'yar na'urar bin sawu mai layin waya. Tana nuna inda taraktar take da awannin da ta yi aiki, tana kuma rage gardamar da ke tsakanin mai tarakta da direba a kan tifa nawa aka loda da man da aka sha. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika son ambato ba: duk tifar da bokiti ya cika, samari masu shebur ne suka rasa ta. Mai tarakta a gari irin Lambara da su zai ci gaba da zama, kuma gara ya san haka kafin ya sa farashinsa.

Takardu ma ba abin wasa ba ne. Lambar da ke jikin farantin tarakta da ta inji su dace da abin da ke rasit, kuma da wannan lambar ana iya gano shekarar ƙira a intanet cikin minti kaɗan, wanda ke kashe ƙaryar "ba ta daɗe da shigowa ba". 'Yar Kwatano tana buƙatar takardar kwastan. Wadda aka ce ta gwanjon gwamnati ce tana buƙatar takardar gwanjon, in ba haka ba wata rana za a zo a ɗauke ta a bar mai ita da rasit. Kuma kada a tura ko sisi na kafin alƙalami saboda bidiyon WhatsApp. Bidiyo yana taimakawa ne wajen yanke shawarar ko tafiyar ta cancanci kuɗin mota.

Lokacin saye shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da masu tarakta suka gama cin kasuwarsu kuma babu mai gaggawa. Wannan yana ba da watannin gyara da gwaji kafin aikin taki ya buɗe. A cikin waɗannan watanni ne za a cika durom mai cin lita 200 da kankare, wanda zai kai kusan kilo 480, a rataya shi a hannayen garma na baya, domin ya mayar wa manyan tayoyi nauyin da bokiti ya ƙwace musu. Direba kuma a koya masa tafiya da bokiti ƙasa-ƙasa, musamman a gangaren kududdufin da ake ɗibar ƙasa, domin yawancin waɗannan tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen kariya a saman kujera idan suka kife.