Ɗan birin da ke ɗaure a tasha

Jiya a wata tashar mota a Maradi na ga ɗan jan biri ɗaure da sarƙa a ƙugu, matasa na ɗaukar shi bidiyo. Wallahi ni ma na yi dariya. Sai daga baya na tuna: uwar biri ba ta sakin ɗanta da sauƙi, galibi sai an kashe ta.

Muna da dokar farauta da kare namun daji tun 1998. Yarjejeniyar CITES ma ta taƙaita cinikin birai tsakanin ƙasashe. Amma ma'aikatan gandun daji ba za su iya tsare kowace tasha ba.

Ƴan'uwa, mu ne kasuwar. In mun daina saye, mun daina jefa dala, wa zai ɗana tarko?