Kafin mu biya kuɗin fili, mu fara haƙa rami mu zuba ruwa



Kowace damina sai an kawo mana ƙorafi iri ɗaya a ofishin ƙungiya: sokawen wane ya cika ya tumbatsa cikin gidan maƙwabci, ko ruwan rijiyar wane ya fara wari. In muka bi diddigi, sau da yawa ba laifin magini ba ne. Tun ranar da aka sayi filin aka sayi matsalar.

Mu 'yan Arewa mazauna Legas da Ogun, idan za mu sayi fili a Ikorodu, Mowe, Ibafo ko Badagry, takardu muke bi, mu sallami omo-onile, mu duba ko mota na shiga. Duk daidai ne. Abin da ba mu cika dubawa ba shi ne ko ƙasar za ta iya shanye ruwan bayan gida. A garuruwanmu da yawa can gida, mutum kan haƙa masai mai zurfi bai tarar da ruwa ba. Nan kuwa, a wurare masu kwari kusa da kogin Ogun ko bakin teku, ka haƙa mita ɗaya ko biyu a watan Yuli sai ruwa ya ɓullo maka.

Abin da muke kira sokawe ramuka biyu ne: tankin farko inda bahaya ke kwanciya, da rami na biyu inda ruwan ke tsiyaya cikin ƙasa. Ƙasar ce ke tace shi. Idan laka ce, ruwan ba ya wucewa, sai ya dawo cikin gida. Idan yashi ne zalla, sai ya zarce da ƙazantarsa zuwa ruwan da rijiyoyinmu ke ja, wanda da shi muke girki, da shi muke alwala. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba.

Gwajin bai fi ƙarfin lebura ɗaya da jarkokin ruwa ba. A haƙa rami mai zurfin mita 2 a inda za a yi sokawen, a rufe bakinsa saboda yara, a bar shi ya kwana. In an wayi gari ruwa ya taru a ciki, an riga an samu amsa. In ya kwana a bushe, sai a haƙa wani ƙarami a gefe, daidai zurfin da bututu zai shiga, faɗi da tsawo da zurfi santimita 30 kowanne. A cika shi da ruwa ya kwana don ƙasar ta jiƙa. Washegari a sake cikawa, a kafa sanda mai alama, a duba agogo: tsawon wane lokaci ruwan zai ɗauka ya sauka santimita 15 a tsakiyar ramin? Bai kai rabin awa ba, ƙasar ta cika sauri. Ya haura awa huɗu, ba ta sha. A maimaita sau uku. Amma ramin mita 2 ɗin nan, wanda ya haƙa shi a watan Janairu ya yaudari kansa, don lokacin ruwan ƙasa ya yi nisa. Ba banza ba dillalai suka fi son zagayawa da mutum da rani.

Sai batun tazara. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne, balle rabin fuloti da yawancinmu ke iya saya. Ke nan sokawenka na iya zama jikin rijiyar maƙwabcinka ba ka sani ba. Masu haɗa kuɗi su sayi eka su raba, su zauna tun farko su yanke inda ramuka za su kasance, su yi burtsatse ɗaya a nesa.

Mun san abin da wasu za su ce: fili ba ya jira, kafin damina wani ya saye. Gaskiya ne. To, aƙalla a tambayi waɗanda suka riga suka gina a unguwar sau nawa suke kiran motar kwasar masai a shekara, a leƙa rijiyarsu, a duba shatin ruwa a jikin katanga. Filin da ya faɗi gwaji ma ba haramun ba ne a saye shi. Ana iya yin tanki mai siminti ciki da waje wanda ba ya yoyo, a riƙa kwashewa, ko a yi ciko a ɗaga ramin sama bisa shawarar injiniya. Sai dai duk kuɗi ne, kuma ya kamata mai saye ya sa shi cikin lissafi tun ana ciniki.

Wanda ke shirin saye a bana ya tuntuɓi ofishin sakatare, za mu haɗa shi da 'yan uwa masu aikin gini su raka shi filin.