Naira ɗari ta 2014 da anini mai huji: wanne ya cancanci ajiya?

A watan Nuwamban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabuwar takardar naira ɗari don cikar Najeriya shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu. Kafin ita, a 2010, an fitar da naira hamsin ta leda ta bikin shekara hamsin da samun 'yanci. A Yelwa ta ƙasar Yauri, kamar ko'ina, akwai waɗanda suka cusa sababbi dal a cikin littafi ko ƙasan akwati, da fatan wata rana su yi tsada.

Wannan fata ba shi da makama. Masu tara tsofaffin kuɗi abu uku suke biya: ƙarancin abin, lafiyarsa, da ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Naira ɗarin nan kuwa an buga ta ne don kashewa, har gobe da ita ake ba da canji a wajen masu soyayyen kifi a bakin ruwa. Lokacin da ta fito ta fi rabin dalar Amurka. Yau ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na dala ba. Wanda ya jibge bandir guda, da akuya ya saya da tuni ta cika masa gida. Amurkawa ma sun ga haka: kwabban tunawa da tsohon shugabansu Lincoln na 2009 an buga fiye da biliyan biyu, don haka wanda ya sha hannu bai wuce kwabon da yake ba.

Tsufa kaɗai ma ba ya sa tsada. A 1936 an buga wa Afirka ta Yamma kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare. Labari ne mai daɗi, amma an buga su da yawa, shi ya sa har yanzu suke da araha. Liyari kuma, wadda komai shekarar da aka sake buga ta 1780 ce a jikinta, darajarta tana ga azurfarta.

Duk da haka waɗannan tsofaffin su ne abin riƙewa a ƙasar Yauri, kuma dalilin ya wuce ciniki. Tafkin Kainji ya cinye tsibirai da garuruwa a 1968, Gungawa mazauna tsibiran da maƙwabtansu suka tashi da abin da hannu zai iya ɗauka. Anini mai huji a tsakiya, da tauraro a gefe guda da rubutun Larabci a ɗayan, wanda ya rage a kwallar wata tsohuwa a Ngaski ko Shanga, yana iya zama abin da ya saura daga kasuwar da yanzu take ƙarƙashin ruwa. Abin takaici ne a miƙa shi ga maƙeri ya narke ya koma zobe.

Naira ɗarin 2014, a ajiye guda ɗaya mai tsabta don a nuna wa yara, a kashe sauran. Tsofaffin kwabbai kuwa a nannaɗe su a wuri busasshe tare da takardar da ke faɗin gidan da suka fito. Kada a goge su da toka ko lemon tsami, domin gugar tana cin rubutun, kuma masu saye suna karya farashin duk kwabon da aka kankare.