Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Ajiye Uwar Garke a Gida a N'Djamena

Ƙasar Chadi ba ta da gaɓar teku. Duk saƙon da ya tashi daga wayar ɗalibi a N'Djamena zuwa wata kwamfuta da ke Faransa, tilas ne ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya isa bakin ruwa: ko ya tsallaka zuwa Kousseri ya gangara ta Kamaru har inda igiyoyin ƙarƙashin teku suke sauka, ko kuwa ya nausa gabas ta Adré ya shiga Sudan, wadda take fama da yaƙi tun watan Afrilun 2023. Ko bayan ya isa teku ma, bai tsira ba. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a daidai gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet ɗinsu yana tafiyar hawainiya. Akwai kuma katsewar da hukuma ke yi da gangan: daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a Chadi, kimanin wata goma sha shida.

Wannan ne ya sa nake da ra'ayin cewa makaranta ko ɗakin karatu ko ƙungiyar masu nazarin harshe a N'Djamena, matuƙar masu amfani da bayananta suna zuwa wuri guda, ya kamata ta ajiye uwar garkenta a gida. Sai dai da sharaɗi: ta san cewa girka manhaja aikin yini ɗaya ne, saita ta da riƙonta kuwa aiki ne na kullum.

Bari mu fara warware kalmomi. Uwar garke ita ce kwamfutar da ba a kashe ta, wadda sauran na'urori ke zuwa neman bayani a wurinta. Rumbun bayanai shi ne inda take jibge abin da aka ba ta ajiya. API kuwa kamar tagar kanti ce: mai saye ba ya shiga ciki, yana tsayawa ne a taga ya faɗi buƙatarsa bisa ƙa'ida, a miƙo masa. Mu ɗauka wasu ɗalibai sun tattara kalmomin Hausa dubu biyar, kowace da ma'anarta da jam'inta da muryar mai furta ta. Manhajar da ke wayar ɗalibi za ta aika da kalmar "rijiya" zuwa tagar, uwar garke ta duba rumbu, ta mayar da ma'ana da jam'in "rijiyoyi" da sautin. In uwar garken tana ɗaki na gaba, tambaya da amsa ba za su fita daga harabar ba, ba ruwansu da abin da ya sami igiya a Kamaru, kuma ba a ƙona ko sisi na kuɗin data.

Girkawar ba ta da wuya. Tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar, har ma ta fi ta tebur dacewa, domin batirinta na riƙe ta in an ɗauke wuta. A ɗora mata Ubuntu, irin fitowar da ake tallafa wa tsawon shekara biyar. A saka Docker domin kowace manhaja ta zauna a akwatinta, a saka PostgreSQL ya zama rumbu, a ajiye Nginx a bakin ƙofa yana karɓar baƙi yana miƙa su ciki. Wanda ya saba zai gama wannan tsakanin azahar da magariba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Saiti na farko shi ne na tsaro. Wasu manhajoji suna zuwa da kalmar sirri ta gwaji wadda duniya duka ta sani. Wanda ya bar ta ya bar gidansa a buɗe. Kalmomin sirri na gaskiya a keɓe su a fayil na daban, kada a cakuɗa su da rubutun manhajar da ake rabawa. A rufe dukkan ƙofofin na'urar, a bar 80 da 443 na masu ziyara, da 22 ta mai kula, ita ma a shige ta da mabuɗi maimakon kalmar sirri. Ƙofar rumbun bayanai, wato 5432, ba ta da dalilin fuskantar waje ko kaɗan. In ana adana sunayen ɗalibai da lambobinsu, a tuna cewa tun 2015 Chadi take da dokar kare bayanan mutane, kuma hukumar ANSICE ce ke lura da wannan fage. Wanda ya ajiye bayanan jama'a a ɗakinsa, amanar ta hau kansa.

Saiti na biyu shi ne wanda ya fi shafar mai nazarin Hausa, kuma shi aka fi mantawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, wanda MySQL ya daɗe yana farawa da shi kafin fitowarsa ta 8. Rumbun da aka bari a kan wannan tsari zai mayar da ƙ alamar tambaya, kuma abin da ya ɓata a haka ba ya dawowa. Tun ranar farko a zaɓi UTF-8 a rumbu da manhaja da amsar da taga ke bayarwa. Shi ne kuma zai karɓi ajami da Larabci, abin da ba makawa a ƙasar da Larabci da Faransanci suke harsunan hukuma. Sannan a yanke shawara a kan bincike. Ɗalibi da yawa wayarsa ba ta da ƙ, zai rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nema, ko "kafa" a maimakon "ƙafa". Hikima ita ce a nuna masa duka biyun, kowace da rubutunta na daidai, ya ga bambancin da idonsa. Haka nan Najeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa. Tilas taga ta san kalma ɗaya ce. Wannan ɗan waƙafin sama ma yana da nasa haɗarin: in an rubuta manhajar da sakaci, yana iya tsinka umurnin da ake aika wa rumbu, kuma ta wannan kafar ce ɓarayin bayanai suka saba shiga. Don haka kalmar 'ya'ya ta zama gwaji mai kyau: in taga ta amsa ta lafiya, alama ce an yi aikin da hankali.

Masu suka za su ce wutar lantarki a N'Djamena ba abin dogaro ba ce, zafin Afrilu yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. Gaskiyarsu. Amsar ita ce ƙaramar na'ura mai cin wuta kaɗan, da faifan sola da batir, da ɗaki mai iska, da saitin da zai sa komai ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Za su kuma ce wanda yake Abéché ko Kano ba zai iya kaiwa ga kwamfutar da ke bayan layin waya ba, tunda irin wannan layi ba kasafai yake ba da adireshi tsayayye ba. Nan ma sun yi daidai, kuma a nan ne hayar kwamfuta a ƙetare take da amfani. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ta haya ita ce asali. Asali ya zauna a gida, kwafi ya tafi waje duk sa'ad da hanya ta buɗe. Kwafi uku ake so, ɗaya a wani gini dabam, kuma a riƙa gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Suka mafi nauyi ita ce ta mutum. Sau da yawa saurayi ɗaya ne ya san sirrin na'urar. Ranar da ya sami gurbin karatu a Yaoundé ko Zariya, aikin ya mutu a tsaye. Maganin wannan shi ne rubutu: kowane mataki a rubuta shi a littafi, da harshen da magada za su fahimta, kuma aƙalla mutum biyu su iya tayar da uwar garken daga tushe. In aka rubuta littafin nan da Hausa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin kalmomi irin su "girka" da "saiti" da "rumbu" ba sa zama daram a harshe sai an yi aiki da su. Ƙungiyar da ba ta da mutum biyun nan, gara ta jinkirta sayen na'ura, ta fara da koyar da su.