Buhun Riɗin Dingaya Ba Shi Da Suna

Idan kaka ta yi, manomin Dingaya kan ɗinke buhunan riɗinsa ya nufi kasuwar Sara. Wataƙila ya shafe kwanaki yana sheƙe shi, yana tsince tsakuwa, yana shanya a kan tabarma don kada ƙasa ta taɓa shi. Maƙwabcinsa kuwa a ƙasa ya kakkaɓe nasa, ya kwashe har da yashi. Dillali ya soka hannu a bakin buhu, ya yanka musu kusan kuɗi ɗaya. Daga nan a juye duka wuri guda, a loda zuwa Dawanau a Kano, sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Kafin kayan su isa Japan ko Turkiyya, sunan Dingaya ya ɓace, na Gwaram ma haka.

Duk hajar da mai saye ya daina bambanta ta wane da ta wane, farashi kaɗai ke magana a kanta. Mai matse mai a Sin yana iya juyawa ga Sudan ko Tanzaniya da zarar nasu ya fi araha. A irin wannan kasuwa riba takan taru ne hannun mai jari, mai sito da zai ɓoye kaya har su yi tsada, da mai injin tacewa, wanda ke karɓar ladan tsabtar da aka hana manomi.

Shi ya sa wa'azin da mahukunta ke yi kowace damina, cewa a faɗaɗa gona a ƙara yawan buhuna, ya zama rabin magana. Haka ma masu zagin manomi a kan algus. Algus mugun hali ne, babu musu, amma kasuwar da ke biyan mai tsabta da mai yashi kuɗi ɗaya ita ce malamar da ta koyar da shi. Kuma laifin mutum ɗaya kan shafi kowa: a 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari, ba ta ware wanda ya kiyaye ba.

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin wannan. Jirgin ƙasa ya soma kwasar gyaɗa daga Kano a 1912, aka tara dala har duniya ta san ta. Da fari da cutar gyaɗa suka auka a shekarun 1970, masu saye ba su jira kowa ba, suka koma ga waken suya da manja, domin mai suke nema, ba Kano ba.

Habasha ta bi wata hanya. Riɗin Humera da sunan garinsa ake cinikinsa a kasuwar duniya, kuma a 2007 gwamnatin ƙasar ta sa Starbucks ya amince da haƙƙinta a kan sunayen kofinta irin su Harar da Sidamo. Abin da Birnin Kudu da Gwaram ke buƙata bai kai wannan wuya ba: ma'auni na gaskiya a Sara, a raba riɗi daraja-daraja tun a bakin kasuwa, manoma su haɗa kai su mallaki injin tacewa, a buga sunan ƙungiyarsu a jikin buhu. Mai tallar kantu a tashar Birnin Kudu ta riga dillalai gane wannan. Masu saye kan wuce faranti uku su nemi nata.