Taƙaddamar Giyar Keken Tsere Da Abin Da Ya Shafi Burkina Faso

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2025 hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta yunƙura za ta taƙaita girman giyar da 'yan tsere ke takawa, bisa hujjar cewa gudun ya yi yawa, haɗurra kuma na ƙaruwa. Iyakar da ta tsayar ita ce haƙora 54 a faifan gaba da 11 a na baya, wanda ke tura keke mita 10.46 a kowane zagayen feda. An shirya gwada dokar a tseren Guangxi na ƙasar Sin cikin watan Oktoba, sai kamfanin SRAM, wanda ƙaramin faifansa na baya haƙora 10 ne, ya kai ƙara, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Beljiyam ta dakatar da gwajin. Wato dai maganar kare rayuka ta koma maganar kasuwa, abin da ba baƙo ba ne gare mu.

Lissafin ba wuya. Wanda ya juya waccan giya sau 90 a minti ɗaya yana gudun kimanin kilomita 56 a awa. Amma giya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi. Mai taka giya mai nauyi a hankali cinyoyinsa ne ke gajiya, mai juya feda da sauri a giya mai sauƙi kuwa ya ɗora nauyin a kan zuciya da huhu. Shi ya sa yawancin ƙwararru ke zama a wajen zagaye 90. An sha ba da misali da Lance Armstrong mai saurin feda da Jan Ullrich mai nauyin giya, sai dai misalin ya gurɓace tun da aka ƙwace nasarori bakwai na Armstrong a 2012 saboda amfani da abubuwan ƙara kuzari.

A ganinmu, wannan rigima ta manyan ƙungiyoyin Turai ce. Mu dubi Tour du Faso, tseren da ake yi tun 1987, wanda ɗan ƙasar Paul Daumont ya lashe a 2023. Hanyoyin Burkina Faso shimfiɗaɗɗu ne, babu dogayen gangaren da za a buƙaci haƙora 10. Abin da ke kayar da mutum a can shi ne iska da zafin rana na ƙarshen Oktoba. A irin wannan zafi zuciya na fama da sanyaya jiki, don haka saurin feda ma na da tsadarsa, kuma ɗan tseren da ya san lokacin sauya giya ya fi wanda ya dage kan babba don nuna jarumtaka.

Sai kuma batun kuɗi. Faifan baya mai hawa 11 ko 12 na buƙatar siririyar sarƙa tasa, ba irin ta Phoenix da muke sayarwa a rumfuna ba, ƙura kuma na cinye haƙoransa da wuri. Tun daga Janairun 2023 UCI ta soke iyakar mita 7.93 da ta ɗora wa matasa, abin da ya sauƙaƙa wa yaron da ya gaji keken yayansa shiga tsere ba tare da sayen sabon faifai ba.