Mai Kuɗin Gasa Ba Shi Ne Alƙalin Gasa Ba



A watan Oktoban 2019, a birnin Biyana, ɗan ƙasar Kenya Eliud Kipchoge ya cinye gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40. Duniya ta yi ta tafi, amma hukumar guje-guje ta duniya ba ta sa wannan lokaci a kundin bajinta ba, don abin ba gasa ba ne. Masu kuɗin ne suka shirya komai: aka zaɓi rana, aka zaɓi hanya, aka jero 'yan gudu 41 suna karɓa-karɓa suna tare masa iska, ga mota a gaba tana haska masa layi a kan kwalta. Ba a bar kowa ya shiga da niyyar wuce shi ba. A watan Yunin 2025 aka sake irin wannan shiri a Faris, inda Faith Kipyegon ta nemi yin mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, maza na ja mata gaba, ta ƙare da minti 4 da daƙiƙa 6. Gwanaye ne, ba musu. Sai dai filin na mai kuɗin gasa ne, agogon ma tamkar nasa.

Kada ku ce wannan labarin Turai ne. Filin sukuwarmu na Kano jifa kaɗan ne daga Bompai.

Da, lokacin da injuna ke ruri dare da rana a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da na roba, mai shirya wasa yana da ƙofofi da yawa da zai ƙwanƙwasa. In wannan ya gindaya sharaɗi, sai a wuce wurin na gaba. Garin nan ne fa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Raccah Rovers ta ɗauko wa kofin lig na ƙasa a 1978. Yau kwamitin shirya sukuwa kan ɗauki takardar neman tallafi ya zaga, ya tarar da rabin ƙofofin da kwaɗo, ciyawa ta kai gwiwa, maigadi kaɗai a kan benci. In aka dace da mutum ɗaya da ya ce zai ɗauki nauyi, shi ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Askin kuwa sannu a hankali ake yin sa. Mai kuɗin gasa zai ce a ɗaga kuɗin shiga, wai don a tace. Wa aka tace? Bawan Allah da ya shekara yana sayen harawa da dusa da kanwa, yana zagayawa da dokinsa kullum bayan asuba. Mai kuɗin gasa zai ce a haɗa rukuni, dokin gida ya kara da wanda aka sauke daga ƙetare. Mai kuɗin gasa zai ce a rage zagaye, don nasa dokin ba ya dogon zango. Mai kuɗin gasa bai iso ba, sai a tsayar da tashi, dawaki na kumfa a rana, mahaya yara ƙanana sun riƙe linzami hannu na rawa, ana jiran Alhaji ya gama ganawa. To, don Allah, in dokinsa ya zo na ɗaya, bajintar wa za mu yi wa guɗa?

Amma kafin mu ɗora wa kwamiti laifi, mu tambayi abin da ya rufe ƙofofin. Wuta! Kamfanin da ke ƙona dizal daga safe har dare don injinsa ya juya, ina zai ga rarar sayen kofi? Masaƙar da atamfar waje ta kashe wa kasuwa a Kantin Kwari, wa za ta tallafa wa? Muna da madatsar Tiga, muna da ta Chalawa, mun yi shekara da shekaru muna jin za su haska masana'antu, ma'aikacin Sharaɗa kuwa ya koma tuƙa adaidaita sahu. Wuta, jama'a, wuta! Ita ta mayar da masu tallafi ɗari suka zama ɗaya, ɗayan nan ya zama sarki.

Ba cewa muke a kori mai kuɗin gasa ba. Ya kafa allonsa, a kira sunansa a lasifika, ya miƙa kofi da hannunsa, mun gode. Amma a rubuta ƙa'idar shiga, da nisan zango, da lokacin tashi, a manna su a ƙofar fili tun kafin takardar neman tallafi ta fita. Wanda kuma yake da doki a tseren, ko shi ya sayi kofin, ya tashi daga kujerar kwamiti ya koma rumfar 'yan kallo.